Kyanwa Ta Yi Yakushi: Laifin Wa?

A gidajenmu da yawa akwai kyanwa wadda aka ajiye domin ta tsare hatsi daga ɓarnar ɓeraye. Wata rana yaro ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai ta yakushe shi har jini ya fito, nan take maigida ya ɗauki sanda ya bi ta da duka. Ba wanda zai ga laifin uba don zuciyarsa ta tashi saboda ɗansa. Amma ya kamata mu tsaya mu yi tambaya: shin wannan duka hukunci ne na adalci, ko kuwa huce haushi ne kawai?

Hukunci yakan dace da wanda ya san mugunta, yana da ikon barinta, sa'an nan ya zaɓi aikata ta. Kyanwa ba ta da wannan sani, ba ta kuwa da wannan zaɓi. Ba ta ƙulla makirci, ba ta riƙe gaba irin ta ɗan Adam. In ta kai cizo ko yakushi, akwai dalili a bayansa, kuma likitocin dabbobi sun san dalilan. Na farko shi ne tsoro: dabbar da aka ritsa a lungu, tura ta kai bango, ba ta da abin kāre kanta sai farce da haƙori. Na biyu shi ne ciwo: kyanwa mai ciwon haƙori, ko ciwon gaɓoɓi, ko rauni a ɓoye, takan ciji hannun da ya taɓa wurin. Akwai uwa mai tsaron 'ya'yanta, akwai muzuru mai faɗa a kan yankinsa, akwai kuma wadda aka saba mata wasa da yatsu tun tana ƙarama, ta girma tana ɗaukar hannun mutum abin farauta.

Ban da haka, sau da yawa kyanwa takan yi kashedi kafin ta kai hari. Takan kwantar da kunnuwanta baya, ta riƙa kaɗa wutsiya da ƙarfi, gashin bayanta ya miƙe, ta yi huci ko gurnani. Ta faɗi abin da za ta iya faɗa da harshenta, mu ne ba mu saurara ba.

Idan tushen faɗan tsoro ne, duka ba ya kawar da shi, sai dai ya ƙara shi. Saboda haka hanyar gyara dabam take. A ja da baya in ta nuna alamun nan, a bar mata wurin ɓuya inda yara ba za su dame ta ba. A yi mata wasa da igiya ko tsumma a bakin kara, kada a yi da hannu. 'Ya'yan kyanwa sukan fi sabawa da mutane in an riƙa taɓa su a hankali tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Dandaƙa takan rage faɗan muzuru da yawonsa. Kada a raba kyanwoyi masu faɗa da hannu. In kuwa mai sanyin hali ta rikiɗe farat ɗaya, a kai ta wurin likitan dabbobi.

Duk da haka, tausayin dabba ba zai sa mu yi sakaci da ran mutum ba. Haƙorin kyanwa siriri ne, yakan shiga da zurfi, raunin kuma ya yi saurin ruɓa. Kyanwa tana iya ɗaukar cutar haukan kare, wadda kusan kullum takan kashe mutum da zarar alamunta sun bayyana. A wanke raunin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, a kuma yi wa dabbobin gida allurar rigakafi.

To, laifin wa? Wanda aka ba hankali, shi aka ɗora wa nauyi. Toma na Akwino, wanda ya rasu a shekarar 1274, ya koyar da cewa mai sabawa da zaluntar dabba yana iya kaiwa ga zaluntar mutum. Yaron da aka yakusa yana kallon mahaifinsa. In ya ga sanda, zai koyi cewa ƙarfi ne amsar mai rauni in ya ba da haushi. In ya ga an wanke masa rauni, an kuma nuna masa abin da ya tsorata dabbar, zai koyi neman dalili kafin yanke hukunci, darasin da zai amfane shi ranar da ƙanensa, ko matarsa, ko maƙwabcinsa ya ɓata masa rai.