Hutun Ɗan Ƙodago Yana Wuyan Wa?

'Yan'uwa, a ƙasar Kagarko da Kaciya da Jaba, in kaka ta yi, aikin citta ba ya jira. Sai a haƙe ta, a wanke, a tsaga, a shanya. Manomi da yawa sun yi babbar hasara a 2023, sa'ad da ciwo ya ruɓar da citta a gonaki, don haka mai gona yakan so ya mai da abin da ya rasa. Ga tambayarmu: ko daidai ne ya sa 'yan ƙodagonsa aiki kwana bakwai a mako, tun da su kansu sun yarda?

Mu duba Kubawar Shari'a sura 5. Dokar hutu a can an ɗora ta a kan maigida ne, domin baransa da baranyarsa, har da sa da jaki, su huta kamar shi. Dalilin kuwa shi ne Isra'ilawa sun taɓa zama bayi a Masar, sun san zafin aikin da ba shi da iyaka. Mutanenmu ma sun san shi, gama daga 1942 zuwa 1944 Turawa sun kwashi mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos.

Hukuma ta bi wannan hanya daga baya. A 1919 Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya ta ƙayyade aikin masana'antu awa 8 a yini, awa 48 a mako. Dokar ƙodago ta Nijeriya ta 1974 ta ba ma'aikaci hutun yini ɗaya cikin kowane kwana bakwai. Amma mai duba aiki na gwamnati ba ya zuwa gonar citta. A can lamirin mai gona ne kaɗai alƙali.

Wani zai ce, "Ai shi ya roƙe ni aikin, yana bukatar kuɗi." Gaskiya ne. Amma me ya sa ya roƙa? In ladan kwana shida bai isa ya ciyad da gidansa kwana bakwai ba, yunwa ce ta yarda, shi bai yarda ba. Sura 24 ta wannan littafi ta umarta a biya matalauci ladansa a ranar, kafin rana ta fāɗi. Ashe hutu da lada tare suke tafiya. Wanda ya ce wa mutum ya je ya huta, amma ya rage masa kuɗi, azumi ya ɗora masa.

Ɗan ƙodagon nan uba ne, yana da 'ya'ya masu bukatar ganinsa, yana da tasa 'yar gona, yana da wurin zama a sujada. Ƙarfinsa muka yi ijara, sauran na Ubangiji ne da iyalinsa.

Ku tattauna: wa yake yi muku aiki a gona, ko a kanti, ko a gida? Yaushe ya huta a makon jiya? Ladan da kuke ba shi ya isa ya huta ba tare da yunwa ba?