Fatawa: Yi wa Sojojin Roba Fenti Don Wasan Yaƙi

Tambaya: Daga Korahane nake, ƙasar Dakoro. Ƙanena ya sayo wa ɗana ɗan shekara 11 ƙananan sojojin roba a Maraɗi, kowanne bai kai tsawon yatsa ba. Yaron yana shafa musu fenti, shi da abokansa su jera su a tsakar gida suna yaƙi, suna jefa ƙwayar ludo don sanin wanda ya ci. Ni ma nakan taya shi fentin. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, a mazhabar Malik haramun ne a ƙera siffar abu mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, kamar yadda Dardir ya bayyana a sharhin Mukhtasar Khalil. Amma an togace kayan wasan yara. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), a riwayar Abu Dawud ma har da doki mai fikafikai, ya gani ya yi dariya. Sahabbai kuma suna yi wa yaransu abin wasa da ulu don su daure azumin Ashura. Don haka bar yaron ya yi fentinsa, kamar yadda ba ma hana 'ya'yan makiyaya ɗora shanun laka.

Kai baligi ne, sassaucin ba naka ba ne. Taya shi shafa riga, hula da bindiga, amma kada ka zana ido da baki, don fuska ce ke cika siffa. Kada kuma a jera su kan kanta don ado.

Abin da ya fi damuna ita ce ƙwayar ludon. Hanin wasan nardi, wani wasa da ake jefa ƙwaya, ya tabbata a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, ko babu kuɗi, kuma malamai da dama sun shigar da duk wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa. Ni ma a nan nake. Wasan ba ya mutuwa don an cire ta: Baturen Ingila H. G. Wells, a dokokin wasan yaƙin da ya wallafa a 1913, da 'yar igwar wasa ake kayar da sojoji. Su harba ƙwallon magarya, wanda ya faɗi ya fita. In aka sa ko dala ɗaya, ya zama caca. In an kira salla a tashi.

Allah ne mafi sani.