Muryar Tana Cikin Tagulla Ne Ko a Ƙirjin Mabushi?

A cikin mabusan saksofon akwai wata magana da ake yawan ji: tsofaffin ƙira sun fi na yanzu amo. In ka tambayi mai wannan ra'ayi, sunan da zai fara ambata shi ne Selmer Mark VI, wanda aka ƙera a Faransa daga 1954 har wajen 1974. Shi John Coltrane ya busa, shi Sonny Rollins ya riƙe shekaru da yawa. Sai kuma King Super 20 na Cannonball Adderley da Conn na Lester Young, dukansu ƙirar Amurka. Yau lafiyayyen Mark VI dubban daloli yake kai wa, wasu har sukan haura dala 10,000.

To ga matashi yana son koyo, abin da ke hannunsa bai wuce kuɗin Yamaha ta ɗalibai ba, ko ɗaya daga cikin waɗanda ake ƙerawa a Houli ta ƙasar Taiwan. Shin an riga an rufe masa ƙofar kyakkyawan amo ke nan? Tambayar ta wuce batun kiɗa. Tambaya ce a kan ko nagarta abin saye ce.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Tun da Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam, ya yi wa ƙirarsa rajista a Paris a 1846, tsarin bai sauya sosai ba. Akwai ɗan siririn harshen kara da ake ɗaurawa a bakin busa. Numfashin mabushi ke kaɗa shi, shi kuma ya kaɗa iskar da ke cikin bututun, wanda yake buɗewa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Wannan iskar ce ke yin sautin. Don haka siffar cikin bututun, da girman ramukan, da irin bakin busar, da yadda mutum ke sarrafa leɓɓansa da maƙogwaronsa, su ne manyan masu yanke hukunci. Shekarun tagullar suna can baya a layi. Tsohon saksofon mai tsada da fatun ramukansa suka bushe suna zurar da iska, sabo mai araha da aka gyara da kyau zai kunyata shi.

Tarihi ma ya ba da shaida. A watan Mayu na 1953, a zauren Massey Hall da ke Toronto, Charlie Parker ya hau dandamali tare da Dizzy Gillespie da Bud Powell da Charles Mingus da Max Roach. Abin da ke hannunsa Grafton ne, farin saksofon mai jikin roba da aka ƙera a Ingila. Parker mutum ne da ya sha jinginar da kayan busarsa saboda matsin kuɗi, ya busa duk wanda ya samu. Wanda ya saurari faifan wannan dare Parker yake ji, ba roba ba. Ornette Coleman ma Grafton ya saya don shi ne daidai aljihunsa, kuma da shi ya yi suna.

Ga inda abin yake ba da mamaki. A 1994 aka yi gwanjon Grafton ɗin Parker a Landan a kan fam 93,500, yanzu yana gidan tarihin kiɗan jaz na Kansas City. Kayan da aka raina ya zama abin da ake zuwa kallo a bayan gilashi. Me ya ƙaru a jikinsa? Babu, sai sunan wanda ya hura shi. Ashe sau da yawa daraja daga mutum take gangarowa zuwa kaya, mu kuma sai mu juya lissafin, mu ɗauka kayan ne ya yi mutumin.

An gwada irin wannan da gogen Turawa, wato bayolin. A wani gwaji da Claudia Fritz da abokan aikinta suka yi a Faransa a 2012, an ba ƙwararrun makaɗa 10 bayolin 12, shida tsofaffin ƙirar Italiya, ciki har da na Stradivari, shida sababbi, aka hana su gane wanne ne wanne da ido. Shida daga cikinsu sabo suka zaɓa. Kunne yakan bi abin da ido ya gaya masa, kuma ƙwarewa ba ta hana hakan.

Sai dai adalci ya sa a saurari masu son tsohon. Ba ruɗu ne zalla ba. Ƙirar Conn da ta Selmer sun bambanta a faɗin bututu da zaman maɓallai, kuma mabushi yana jin wannan a yatsunsa da ƙirjinsa ko da mai sauraro bai ji ba. Wanda kayansa ya kwanta masa a rai ya fi daɗewa yana atisaye, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Amma a tuna, tsofaffin da suka iso gare mu su ne waɗanda aka ga sun cancanci adanawa. Marasa kyau da dama sun ɓace a hanya. Muna gwada zaɓaɓɓun jiya ne da gama-garin yau.

Saboda haka son tsohon abu ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne inda aka mai da shi ma'aunin mutane. Malamin da ya sa ɗalibi ya ji kunyar kayansa ya cuce shi, domin ya karkatar da hankalinsa daga abin da yake iya gyarawa, wato numfashinsa da kunnensa, zuwa abin da ba ya iyawa, wato farashi. Haka attajirin da ya tara saksofon ashirin ya kulle a ɗaki: yana da haƙƙin dukiyarsa, amma abin busa da ba a busawa ya bar aikin da aka yi shi dominsa, tarawar kuma tana ƙara tsadar da ke nisanta shi daga masu buƙata.

Akwai kuma cutar da mutum ke yi wa kansa, ita ce jira. "Sai na samu na ƙwarai zan dage." Wannan uzuri yana da daɗi, domin yana ɗora alhakin rauninmu a kan aljihu. Shekarun da za a ɓata ana tara kuɗin Mark VI, su ne shekarun da ake gina amo, dogon sauti ɗaya bayan ɗaya, kullum.

Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi kaya mai lafiya, ya kai wa mai gyara ya toshe duk inda iska ke zura, ya samo bakin busa da ya dace da shi, ya fara yau. In wata rana ya samu halin sayen tsohon Selmer, zai tarar da muryar da ya riga ya gina ce take fitowa daga ciki.