Da Wane Mudu Ake Auna Gwarzo?

Philippe Thys, ɗan Beljiyam, ya lashe tseren keke na Tour de France a 1913 da 1914. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da gasar shekara huɗu, yana tsakiyar ƙarfinsa. Ya sake cinye ta a 1920, ya zama na farko da ya yi uku. Ba wanda ya kamo shi sai Louison Bobet a 1955.

Yau Eddy Merckx mai biyar ake ambato, a tsallake Thys. Lissafi abin da mutum ya ci kawai yake ƙirgawa, ba ruwansa da damar da zamani ya hana shi. Duk mai son yi wa mutumin jiya adalci, sai ya sa shekarun da aka ƙwace masa cikin mudun.