Matan Zumunta, Ku Ƙara Ɗaura Ɗamara

Sannu mai tuyar ƙosai a bakin titin Kakuri, sannu mai noman citta a Kachia, sannu malamar firamare da albashinta ke ƙarewa tun wata bai raba ba, sannu nas mai kwanan tsaye a kan majinyata. Duk wannan gajiyar ba ta hana ku tashi da asuba ranar Lahadi, ku wanke yara, ku ɗaura ankon Zumuntar Mata Katolika, ku riga kowa isa Misa.

Wasu na zaton kare bangaskiya sai wanda ya yi karatun tauhidi ko ya hau bagade. A'a. Tun da limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka kafa mishan a Shendam a 1907, ba a taɓa samun fada ya wadaci ƙauyukan Arewa ba. Akwai cocin da sai a yi makonni fada bai leƙo ba, saboda nisa da lalacewar hanya. To wa ya riƙe jama'a a tsakani? Katikis na iya ƙoƙarinsa, ba mu raina ba. Amma yaron da ya iya alamar gicciye tun kafin bakinsa ya buɗe sosai, a cinyar uwarsa ya koya.

Ku dubi abin da kuke yi in an yi rasuwa. Kafin maza su gama shawarar inda za a haƙa kabari, kun iso, wannan da mudun masara, waccan da ɗaurin itace, wata da kwalbar manja. Uwar Zumunta ta buɗe tsohon littafinta tana rubuta gudummawar kowa, har ta mai naira ɗari biyu. A hura wuta, a ɗora tukunya, wasu su shiga ɗaki su zauna da gwauruwar, a ja rosari, a buga tulu da caki ana waƙa har gari ya waye. Bayan wata uku, lokacin da 'yan ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, ku ne ke komawa ku tambayi kuɗin makarantar marayu. Wallahi wannan wa'azi ne, kuma maƙwabta na sauraro.

Kun ga wuya, ba a musu. Bam ya tashi a cocin Saint Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, amma mata ba su daina kai 'ya'yansu coci ba. Rebecca Bitrus, 'yar Katolika daga jihar Borno, ta yi shekara biyu a hannun Boko Haram, ana matsa mata ta bar addininta, ta ƙi. Ta kuɓuta, a 2018 kuma ta zauna gaba da gaba da Fafaroma Francis a Rum. Ba ta da digiri a ilimin addini. Matar gida ce kamar ku.

Sai dai tsayawa kan bangaskiya ba gaba da maƙwabci ba ne, kada wani ɗan siyasa ya ruɗe ku. A Kaduna, garin da rikici ya raba unguwanni, Sista Kathleen McGarvey ta tara ƙungiyoyin mata Kirista da Musulmi a 2010 suka kafa majalisa guda ta zaman lafiya. Hajiyar da kuke adashi tare a kasuwa, wadda ke tsare miki rumfa in kin tafi Misar safe, ita ma uwa ce mai tsoron kada a kashe mata ɗa.

Yanzu ga inda nake so ku ƙara himma. Kada aikinku ya tsaya ga shara da girkin bikin godiya. Ku shiga kwamitin coci, ku yi magana, ku tambayi lissafin baiko, ai da guminku a ciki. Ku koyi katikisim da kyau, domin yaran yau na kwaso tambayoyi daga waya, kuma "haka muka tarar" ba ta gamsar da su. Kuɗin ankon da ake sauyawa kowace shekara, a rage, a zuba a karatun 'ya'ya mata. Sistocin Saint Louis da suka iso Kano a 1948 makarantar mata suka sa a gaba, kuma ga amfaninta muna gani a asibitoci da azuzuwa.

A 2023 aka kafa dayosis na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika. Shi ma mace ce ta goya shi ta kai shi coci. Ke da ke tsaye a gaban kaskon tuya da jariri a baya, gyara goyonki, ki kira 'yar babbar ta ɗauko littafin addu'a, ki ji ko ta haddace abin da katikis ya ba su.