Ƙofar Da Ta Ƙi Rufuwa

Ya mai karatu, ɗora hannu bisa ƙirjinka. Ka ji zuciyarka tana bugawa? Ba bugu ɗaya da ta ke yi, sai waɗansu ƙofofi sun buɗe, sun kuma rufe.

Jikinka da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya tana da tantani kewaye da ita, kamar ganuwa kewaye da birni. A bayan ganuwan nan akwai wani gishiri, ana ce da shi kalsiyam, shi ne mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Na waje ya riɓa na cikin ƙwaya wajen sau 10,000, kullum kuwa yana neman shiga.

Abokin gaba ne? A'a. A shekara ta 1883 wani likita a Ingila, Sydney Ringer, ya gane zuciyar kwaɗo ba ta iya ci gaba da bugawa cikin ruwan da ba kalsiyam. Sa'ad da lantarkin jiki ya taɓa ganuwa, sai ƙofofi su buɗe, kaɗan ya shiga, tsoka ta motsa. Kafin ƙiftawar ido an rufe, ƙwaya kuma ta kashe ƙarfinta wajen fid da baƙon. Amma idan jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, kamar a ciwon shanyewar jiki, ƙarfin korar ya kan ƙare. Kalsiyam ya cika birni, ƙwaya ta mutu. Abin da ke motsa ta, shi ne ajalinta.

To, ga tambaya. Fushi mugun abu ne? Waɗansu sun ce i, a toshe shi sarai. Ni ban yarda ba. Wanda ya ga ana cin gonar maraya, zuciyatasa ba ta motsa ba, wannan ba haƙuri ba ne, mutuwa ce. Laifin yana wurin ƙofar da ta ƙi rufuwa. Fushi ya shigo da safe domin gyara, ka shimfiɗa masa tabarma, ya kwana, ya shekara. Ga wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ba su ko gaisawa saboda iyakar gona.

Ka lura, ƙwaya ba ta jiran baƙon ya fita don kansa, gama ba shi fita. Da wahala ta ke fid da shi, kowane bugu.

Kai fa, wane baƙo ne ya daɗe a zaurenka? Tashi ka raka shi tun rana ba ta faɗi ba.