Wa Za A Tambaya, In Jiki Ɗaya Ne Masu Gida Da Yawa?

Akwai wani ciwo wanda likitoci su ke kira rarrabuwar kai. Mai wannan ciwo ya kan ji kamar ba shi kaɗai ne cikin jikinsa ba, akwai waɗansu, kowa da sunansa da shekarunsa da halinsa. Dā a kan ce da shi ciwon mutum mai mutane da yawa, amma a 1994 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sake masa suna, gama sun ga mutum ɗaya ne wanda ya kasa haɗuwa wuri guda. Tun 1889 wani likitan Faransa, Pierre Janet, ya rubuta yadda tsoro mai tsanani ya kan tsaga tunanin mutum kashi kashi. Yawancin masu ciwon sun ce an azabtar da su sa'anda su ke ƙanana ƙwarai. Yaron da ba shi da wurin gudu, sai ya gudu ciki.

To, mene ne su ke gani a can ciki? Da yawa sun ce kamar gida ne mai sassa. Akwai ɗakin da yara su ke ɓuya, akwai ƙofar da ba a buɗewa, akwai wanda aikinsa tsaro ne, akwai kuma mai zagi da tsawa, wanda sau da yawa ya ɗauki muryar wanda ya cuci yaron. Waɗansu su kan ga lambu ko kogo. Waɗansu ba su ganin kome, sai muryoyi cikin kai da wani abu kamar hazo. Abin da ya fi damunsu shi ne ɓatan lokaci. Mace ta kan tarar da riga cikin akwatinta ba ta san ranar da ta saye ta ba, ko wani ya gaishe ta da sunan da ba ta san nata ne ba. Mai karatu, ka tsaya ka auna wannan tsoro: ka farka ranar Alhamis, iyakar saninka kuwa Talata ce.

A kan wannan ne tambayarmu ta tashi. A 1977 aka kama wani saurayi, Billy Milligan, a jihar Ohayo ta Amurka, bisa laifin fashi da yi wa mata uku fyaɗe. Ya ce shi bai sani ba, waɗansu ne daga cikinsa suka yi. Ya kwatanta cikinsa da ɗaki mai duhu, da haske guda a tsakiya. Wanda ya tsaya cikin hasken shi ke riƙe da jiki, sauran suna barci ko suna kallo daga gefe. A 1978 kotu ta ce ba za a hukunta shi ba saboda taɓin hankali, aka kai shi asibiti, ya yi wajen shekara goma. Daga baya aka ƙidaya masu gidan nan har 24.

Shin mu gaskata shi? Har yau likitoci ba su gama gardama a kan ciwon nan ba, waɗansu suna cewa yawan tambayar likita kan ƙara yawan sunayen. Amma mu a ganinmu, wanda ya ce yana ganin ɗakuna cikin kansa ba lalle maƙaryaci ne ba. Mai mafarki ba ya ƙarya sa'anda ya ce ya ga kogi, ko da ya ke tabarmarsa busasshiya ce. Sai dai gaskata labarin gidan dabam, kuɓutar da mai gidan dabam. Matan nan uku hannu ɗaya ne ya kama su. Ba su da inda za su kai ƙarar wanda ya tsaya cikin haske, gama ba shi da jikin kansa, ba shi da gari.

Abin mamaki, likitocin da su ka fi tausayin masu ciwon nan su ne su ke koya musu wannan: abin da ɗaya ya yi, na gidan duka ne. Ba mugunta ba ce. In an ce wa mutum, wancan ba kai ba ne, an ƙara masa katanga a inda katanga ta riga ta yi yawa. In kuwa an ce masa, mai tsawan nan ma kai ne, shi ne ya sha dūkan da kai ba ka iya tunawa, an buɗe masa ƙofa.

A ƙasarmu, in yarinya ta sake murya ta ce sunanta wani, nan da nan mu kan ce iskoki sun hau ta. A 2013 littafin likitocin nan na Amurka ya yarda cewa ciwon ya kan zo da kamar hawan iska a wuraren da mutane su ka saba da haka. Ba mu ce kowane hawa ciwon nan ne ba. Amma kafin a ɗauko bulala ko hayaƙi domin a kori baƙo, ya kamata wani ya tambaya a hankali abin da ya sami yarinyar tana shekara biyar, da wanda ya ke kwana gidan a lokacin.

Maganin kuwa ba na kwana ɗaya ba ne, ya kan ci shekaru. Da fari a tabbata mutumin yana zaman lafiya, ba mai cutarsa. Sa'an nan a koya wa na ciki su san juna. Waɗansu su kan ajiye littafi guda, kowa ya rubuta abin da ya yi da rana, ko bashin da ya ci, domin wanda ya fito gobe ya karanta. Waɗansu su kan gina zaure cikin gidan nan na tunani, inda duka za su zauna su yi shawara. Akwai waɗanda daga bisani su ka zama ɗaya, akwai kuma waɗanda su ka zauna da yawansu, suna aiki, suna renon 'ya'ya, littafin yana nan kusa da gado.